Ra'ayinmu: Ɗan Damben Da Ya Ji Rauni, Wa Zai Ce Masa Ya Zauna?

Da an kai gero rumbu, an fara bugun shinkafa a fadamun Bakura da Mafara da Maradun, sai kalangu ya fara kiran maza. Haka aka gada: kaka lokacin aure ce, lokacin biyan bashi, lokacin dambe. Rashin tsaro ya rage tarukan dare a ƙasar Zamfara, ya kuma tura 'yan wasa da dama gidajen dambe na Sakkwato da Kano da Dei-Dei ta Abuja, amma bai kashe wasan ba. Jama'ar da har gobe take sauraron waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, a tasha da rumfar mai shayi, ba sai an koya mata darajar ɗan dambe ba.

Akwai dai abin da duk mai zuwa kallo ya sha gani, ba a cika maganarsa ba. A buge yaro yau ya faɗi sumamme, a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita ya farfaɗo, jibi ka gan shi a gefen fili ana naɗa masa zare. Wani kuma bayan hannunsa ya kumbura tun makon jiya, sai ya ƙara matse zaren a kai don kada abokin karawa ya lura. 'Yan kallo su ce namiji ke nan. Mu kuwa tambayarmu ita ce: a bar mai rauni ya shiga fili tunda ya ce ya ji ya gani, ko akwai wanda ya kamata ya ce masa ya zauna? In akwai, wane ne shi, kuma wa zai ciyar da yaron a kwanakin zaman?

Ba dambe kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. Akwai gasar da Turawa ke ji da ita, tirayatalon, wadda mutum ɗaya zai yi ninƙaya, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, babu hutu a tsakani. A wasannin Olamfik, inda ta shiga a Sidni a shekarar 2000, ninƙayar kilomita 1.5 ce, keken kilomita 40, gudun kilomita 10. Babbar kuwa, wadda ake kira Ironman, aka faro ta a Hawai a 1978, ninƙayar kilomita 3.8 ce, keken kilomita 180, sannan gudun kilomita 42. Wasa ne da aka gina shi kacokan a kan jure wahala, shi ya sa masu yin sa suka sha cin karo da matsalar da muke magana a kai, kuma labaransu sun isa a yi nazari.

Chrissie Wellington, 'yar Ingila, ta faɗi a kan keke makonni biyu kafin gasar duniya ta Hawai a watan Oktoban 2011. Fatar ƙafarta ta saɓule, ciwon ya yi ruwa, naman ƙirjinta ya yage. Ta shiga a haka, ta kuma lashe gasar karo na huɗu. Wannan shi ne labarin da ake so, shi ake ta maimaitawa. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne na shekarar da ta gabace ta. A 2010, tana riƙe da kambi sau uku a jere, duniya ta taru don kallonta, ta wayi gari ranar gasar jikinta ba daɗi, ta ce ba za ta shiga ba. Mace ɗaya ce, zuciya ɗaya. Ba tsoro ya hana ta a 2010 ba, ba kuma taurin kai kawai ya shigar da ita a 2011 ba. A shekarar da ta shiga an duba ta a asibiti, an san abin da ya yage da abin da bai karye ba.

Sai Paula Findlay ta Kanada. A 2010 da 2011 ta ci manyan gasanni biyar na duniya, ana ganin zinaren Landan nata ne. Ciwon kwankwaso ya kama ta, aka yi ta lallaɓawa har ranar Olamfik ta 2012. Ta shiga, ta zo ta 52, ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda suka kai, tana kuka tana neman afuwar ƙasarta. Ɗan ƙasarsu Simon Whitfield, wanda ya ci zinaren farko na maza a wannan wasa a Sidni, ya fito fili ya ce laifin ba nata ba ne, na waɗanda aka damƙa musu kula da ita ne. A 2016 kuma, a Kozumel ta ƙasar Meziko, zafi ya bugi Jonny Brownlee saura ƙiris ya kai ƙarshe, ya fara tangaɗi bai san inda yake ba. Wansa Alistair ya rungumo shi ya kai shi layi. Duniya ta yi ta yabon zumunci, amma daga baya hukumar wasan ta sauya doka, ta hana ɗan wasa ya ja wani zuwa gaba. Mutumin da hankalinsa ya gushe likita yake bukata, ba mai taya shi ƙarasa gudu ba.

To, mu dawo gida mu saurari masu cewa a ƙyale ɗan dambe da jikinsa, domin hujjarsu ba ta banza ba ce.

Ta farko ita ce abinci. Ɗan dambe ba ma'aikacin gwamnati ba ne da albashinsa ke tafiya yana kwance. Abin da ya samu a fili, na mai gida da na liƙin masoya, shi ne cefanen gidansa. Lokacin kasuwar wasan kuma gajere ne, ƙuruciyar da ake yin sa da ita ta fi shi gajarta. Ka ce masa ya zauna wata guda a tsakiyar kaka, ko ana gab da damben mota, ka cire masa rabon shekara ne. Wanda bai taɓa kwana da tunanin kuɗin awo ba yana da sauƙin ba da irin wannan shawara.

Ta biyu ita ce suna. Matashin ɗan dambe ba da sunansa kaɗai yake shiga fili ba. Shagon wane ne, ko Bahagon wane, ko Autan wane, yana ɗauke da sunan ubangidansa da na ɓangarensa, ko Arewa ne ko Kudu, ko Guramada ko Jamus. In aka tare shi ya ƙi sa zare, ba za a ce hannunsa ke ciwo ba, za a ce ya gudu, kuma gorin zai bi gidan gaba ɗaya. Sannan masu wannan ra'ayi suna cewa, in har sai jiki ya yi garau za a yi dambe, to ba za a taɓa yi ba, don babu ɗan wasan da ke kwana ba tare da wani wuri na yi masa tsami ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji su, babu likitan da ya fi mutum sanin jikinsa. Suna kuma tuna mana cewa Muhammad Ali ya ƙarasa karawarsa da Ken Norton a 1973 da karyayyen muƙamuƙi, kuma ba a fasa kiransa gwarzo ba.

Akwai ma hujja ta uku da ba a cika furtawa ba, ita ce tsoron kada a lalata wasan da dokokin ofis. Dambe ya rayu ɗaruruwan shekaru a hannun mahauta da sarakunan dambe ba tare da takarda ba. Mutane sun ga yadda hukuma kan shigo da sunan gyara ta ɓuge da karɓar haraji. Wannan tsoron muna tare da su a kansa.

Mun yarda da kusan rabin wannan magana. Tsamin jiki, ƙujewa, kumburin leɓe, targaɗen da aka duba aka tabbatar targaɗe ne, duk waɗannan na ɗan wasa ne, shi zai auna ya ga ko zai iya. Babba ne, sana'arsa ce, ba mu da hurumin mai da shi yaron goye. Inda muka rabu da su shi ne cewa mutum ya fi kowa sanin jikinsa. A raunuka biyu da suka fi addabar ɗan dambe, wannan magana ba ta tsaya ba.

Ɗauki kai tukuna. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Naushin da ya sauka a haɓa ko a gefen kunne yana fizgar kan da sauri, ƙwaƙwalwar ta girgiza a ciki. Ba lallai sai mutum ya suma ba: jiri, ciwon kai, amai, gani biyu-biyu, ko ya kasa tuna turmi na nawa ake ciki, duk alamu ne. Tana bukatar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ta dawo daidai. A tsakanin nan idonsa da hannunsa ba sa saurin da suka saba, don haka ya fi sauƙin shan wani naushin, kuma naushi na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya sa ta kumbura, musamman ga masu ƙananan shekaru. Abin lura shi ne, wurin da zai auna ya ce "na warke" shi ne wurin da ya bugu. Tambayar mai irin wannan rauni ko zai iya, tambayar wanda ba ya cikin hayyacinsa ce, ko da yana tsaye yana dariya.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Jijiyar jini kan tsinke a cikin ƙoƙon kai, mutum ya tashi ya yi magana, ya ci abinci, har ya yi wasa da abokai. Bayan 'yan sa'o'i barci mai nauyi ya ɗauke shi, ya fara minshari, a ce gajiya ce a bar shi ya huta. Jinin yana taruwa ne yana danne ƙwaƙwalwa. Maganinsa hoton kai da tiyata cikin gaggawa, kuma cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da yankinmu ya dogara da ita tana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Daga Bakura ko Mafara, Sakkwato da Gusau kowacce tafiya ce ta wajen kilomita 100, dambe kuwa da yamma ake yin sa zuwa dare, kuma kowa ya san abin da bin hanyoyinmu da dare yake nufi a 'yan shekarun nan. Wellington ta yi kasadarta ne da motar asibiti a bayanta da tantin likitoci a gabanta. Yaron da ke sa zare a bayan kasuwa yana yin irin kasadar ba tare da ko ɗaya daga ciki ba. Nisan asibiti, wanda wasu ke kawowa a matsayin uzurin ƙyale abin a yadda yake, shi ne babban dalilin da ya sa mu ya kamata mu fi Turawa tsanani.

Su ma ba da daɗi suka koya ba. A watan Nuwamban 1982 ɗan damben Koriya Duk Koo Kim ya mutu 'yan kwanaki bayan karawarsa da Ray Mancini a Amurka, daga nan aka rage turmin damben kambi daga 15 zuwa 12. A damben zamani yau, wanda aka buge ya faɗi ba ya komawa fili sai bayan aƙalla kwana 30, in abin ya maimaitu a ƙara masa watanni.

Sai hannu, wanda shi ne jarin ɗan dambe, kuma hannu ɗaya yake zuba duk ƙarfinsa a kai. Daga wuyan hannu zuwa yatsu ƙasusuwa 27 ne, ƙanana. Wanda ya fi saurin karyewa ga mai naushi shi ne ƙashin bayan hannu da ke bin ƙaramin yatsa, kuma in aka tsare shi yakan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida. Mai yaudarar shi ne wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, a gindin babban yatsa. In ya tsage, ciwonsa kamar na targaɗe ne, wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna shi. Jini ba ya isa gare shi sosai, saboda haka in aka ci gaba da duka da shi sai ya ƙi haɗewa, bayan shekaru wuyan hannun ya sandare yana ciwo. Wannan hannun kuwa ba na dambe kaɗai ba ne. Shi zai riƙe fartanya a noman ranin Bakalori, madatsar da aka kammala a 1978 wadda ƙananan hukumomin Bakura da Mafara da Maradun ke ci daga ruwanta. Shi zai riƙe wuƙar fawa ko kan babur bayan an daina kiɗa masa kalangu. Manomin Bakura ba ya ɗaura wa sa mai ɗingishi garma don kawai damina ta kama, ya san zai rasa san da daminar baɗi.

A nan dole a ambaci masu ɗori, kuma ba da raini ba. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, jama'a sun yarda da su, wasunsu sun gaji sana'ar da basira. Matsalar ita ce ido da tafin hannu ba sa ganin tsagewar ƙaramin ƙashi, kuma ɗaurin da ya yi tsauri a kan gaɓar da ke kumbura yana tsayar da jini. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa da gaɓoɓin da ake kawo musu bayan sun yi baƙi, lokacin da babu abin yi sai yankewa. Ba mu ce a bar mai ɗori ba. Mun ce a ɗauki hoto tukuna, in yatsu suka fara sanyi ko suka mutu a kwance ɗaurin a nufi asibiti a daren.

Abin da ya ƙara dagula lissafin a zamaninmu shi ne ƙwaya. Da, jiki magayi ne: hannu ya yi zogi, mai shi ya ja baya ko ba ya so. Yanzu akwai taramol a kusan kowane lungu, kuma ba sirri ba ne cewa masu aikin ƙarfi da yawa a Arewa suna shan sa. Ba mu ce kowane ɗan dambe yana sha ba. Amma wanda ya sha ya shiga fili da tsagaggen ƙashi ya toshe bakin mai gaya masa gaskiya ne, ƙashin kuma yana ci gaba da tsagewa. Ƙwayar tana kawo gyangyaɗi, in ta yi yawa tana kawo farfaɗiya. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta a gasa tun watan Maris na 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta bi sahu daga 1 ga Janairun 2024. Ko magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ba tare da tunani ba, in aka yawaita su ga mutumin da ya yi gumi ya bushe, ƙoda suke taɓawa.

Sannan a duba waɗanda ke kewaye da yaron a lokacin da yake cewa ya ji ya gani. Mai gidan dambe ya riga ya sanar da karawar, an sayi tikiti. Makaɗi ya ɗauki takensa, jikinsa ya tsuma. Ubangidansa yana tsaye. Masu caca sun zuba kuɗi. Ɗaruruwan wayoyi na ɗaukar bidiyon da zai kwana a Facebook da TikTok. Kowa a wurin yana da abin da zai samu in ya shiga, shi kaɗai ke da abin da zai rasa. Kiran wannan zaɓinsa ne na kansa akwai ƙarin gishiri a ciki. Abin da Whitfield ya faɗa a kan Findlay ya dace da nan: in aka saka mai rauni a fili, a nemi manyan da suka bari.

Ra'ayinmu shi ne, a bar wa ɗan dambe hukuncin ƙananan ciwuka, a karɓe masa hukuncin kai da na ƙashi. Wanda ya suma, ko ya tashi yana tangaɗi, ko ya yi amai bayan naushi, ya gama na ranar, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, kuma kada ya sa zare sai bayan kwana 30 da sa hannun ma'aikacin lafiya. Wanda hannunsa ya kumbura ba zai naɗa ba sai an ga hoto. Yaron da bai kai shekara 18 ba a fi tsananta masa. Mai faɗin haka kuma kada ya zama mai cin riba a karawar. Sarkin dambe ne ya dace, tare da ma'aikacin lafiya ɗaya da za a ɗauko daga babban asibitin garin a biya shi ladan yammacin, da mota ɗaya mai mai a ciki da aka ajiye don wannan kawai. Kamfanonin da suka fitar da dambe duniya, irin su Dambe Warriors da aka kafa a 2017 da African Warriors, sun shigo da ajin nauyi da ƙayyade lokacin turmi, kuma wasan bai mutu ba, masu kallo ma ƙaruwa suka yi.

Sai dai duk wannan iska ne in ba a amsa hujjar abinci ba, kuma masu ita sun fi mu gaskiya a nan. Dokar da ta ce wa mutum ya zauna ba ta ce ga abin tuwo ba, karya ta za a yi, ya hau mota ya tafi wani gari inda ba a san an buge shi ba. Don haka muke cewa a ware wani abu daga kuɗin ƙofa, ko naira 5 ce cikin kowace 100, a asusun da 'yan wasa da kansu za su riƙe, ba ƙaramar hukuma ba. Daga ciki a biya hoto da magani, a kuma ba wanda aka zaunar abin cefane. Manyan masoya da ke liƙa dubbai a goshin wanda ya yi kisa su ma su tuna da wanda aka kwantar. Masu gidajen dambe kuwa sun riga suna da lambobin juna, da su suke haɗa karawa daga Mafara zuwa Kano. Tura sunan wanda aka dakatar da ranar da zai dawo a WhatsApp bai fi wannan wuya ba, balle ma bidiyon faɗuwarsa ya riga su isa.

Aikin masarautun Bakura da Talata Mafara da Maradun da shugabannin ƙananan hukumomin uku kaɗan ne: kada a ba da izinin buɗe fili sai an ga ma'aikacin lafiya da motar, kuma kada a mai da izinin wata ƙofar karɓar kuɗi. Maganar gori kuwa ba hukuma ce za ta gyara ta ba. Sai manyan 'yan wasa da makaɗa sun yarda cewa idan sarkin dambe ya zaunar da yaro, a sanar a lasifika cewa shi ya hana shi, ba yaron ne ya ƙi ba, a kuma ajiye masa abokin karawarsa har ya warke. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma ɗan shekara 19 da ake kiɗa wa take ba zai iya faɗin haka da bakinsa a gaban jama'a ba, sai wani babba ya faɗa a madadinsa.

In ba za a iya yin duka a wannan kakar ba, a fara da na kai, tunda shi ba ya bukatar hoto ko asusu kafin a gane shi, kowa a fili ya ga wanda ya faɗi. A kuma fara zartar da shi a kan babban suna, ranar da gida ya cika, domin ƙananan 'yan wasa ba za su bi dokar da aka ɗage wa manya ba.